Koren Fenti a Ƙofar Tela

Ranar Lahadi da yamma Farfesa ta zaro wata 'yar kwalba daga jakar makaranta, ta dangwarar a kan keken ɗinkin uwarta.

"Umma, ruwan rijiyarmu za ki zuba min a nan, gobe zan tafi da shi. Malamar kimiyya ta ce kowa ya kawo na gidansu, za mu auna."

"Ku auna ruwa? Da tef ko da sikeli?"

"Kai, Umma! Ƙwayoyin cuta za mu duba. Komai na rubuce a takardar da ke jikin kwalbar, ki bi shi kawai."

"To," in ji Tela.

Da wannan sunan duk layin suka san ta, tun ranar da mijinta, direban babbar mota, ya sauke mata keken a baranda ya koma kan hanya. 'Yar tata kuwa tun tana firamare aka laƙaba mata Farfesa, don ba a gama magana a gabanta ba ta gyara ba. Yanzu tana aji huɗu a sakandaren gwamnati da ke bayan kasuwa. Duk girman nan nata, Tela ba ta barin ta ta ja guga, tun wata rana da santsi ya kwashe ta a bakin rijiyar tana 'yar shekara shida.

Da yarinyar ta fita, Tela ta jujjuya kwalbar. Rubutun ƙanana ne, a cunkushe kamar tururuwa sun samu sukari. Ita a aji uku na firamare ta tsaya. Tana gane lambobin jikin tef, tana iya haɗa sunan mai kaya in ta nutsu, amma layi huɗu irin wannan sai ta wuni a kai. Kuma ba ta taɓa bari 'yarta ta san iyakar karatunta ba.

Ta je ta zura guga. Sati guda ke nan ana ruwan sama, abin da ya fito kuwa kamar an wanke shinkafa a ciki, ga wani ɗan ƙarni da ke tashi. Haka yake yi duk damina. Su dai sukan bar shi ya kwanta su sha, cikinsu ya saba, ko da yake Farfesa kan yi kwana biyu tana riƙe da mara. Tela ta tsaya tana kallon bokitin. Sai ta hango malamar nan ta ɗaga kwalbar a gaban aji tana tambaya, wannan na gidan su waye?

Ta san yadda abin yake. Tana aji uku wani malami ya tsayar da ita a gaban allo, ya kama wuyan rigarta da yatsa biyu, ya juya ta yana nuna wa yara dauɗar da ke jiki. Har yau tana jin dariyar. Daga ranar ba ta sake taka ƙofar makaranta ba.

Ta ce a ranta, abin da za a kai gaban manya ai sai an gyara shi. Ta yanko sabon farin yadi ta tace ruwan sau biyu. Ta ɗora a wuta ya tafasa har murfin tukunya na rawa. Da ya huce ta wanke kwalbar da sabulu, ta cika ta, ta ɗaga saitin haske. Fes, kamar hawaye. Da safe ta naɗe ta a ƙyalle mai tsabta ta miƙa wa Farfesa, ranta wasai.

Ranar Asabar makarantar ta kira mutanen unguwa. Tela ba ta so zuwa ba, Matar Kafinta ce ta ja ta. Katanga ɗaya ce ta raba gidajensu, kuma ita mace ce da ba a ce mata a'a. Ta goyo ɗanta mai wata tara, wanda ake kira Kumatu, don in ya yi dariya idanunsa ɓacewa suke yi.

"Taso mu je, 'yarki ce za ta yi bayani. Ke kullum kamar amarya, kai a ƙasa."

Tun daga get Tela ta fara jan ƙafa. Makarantar ta fi yadda take zato girma. Ga dogon tanki a sama da famfuna shida a jere ƙarƙashinsa, ga wani ɗaki mai farin labule da aka ce na nas ne, ga filin ƙwallo. A babban ɗakin taro ta samu kujerar ƙarshe, kusa da ƙofa.

Malamar kimiyya 'yar siririya ce mai tabarau. Ta jera ƙananan kwalabe a kan tebur, layi-layi. Ta ce an zuba ruwan kowane gida a kan wani magani an rufe kwana biyu. In akwai ƙwayar cuta, ruwan zai koma baƙi. Sai ta kira Farfesa ta nuna na layinsu.

Rijiya shida ce a layin. Farfesa ta ɗaga ta farko, baƙa ƙirin kamar tawada. Ta biyu haka, ta uku haka. Ɗaki ya ɗauki salati. Ta gidan Kafinta ma baƙa. Da ta zo kan ta shida sai muryarta ta canza.

"Wannan ta gidanmu ce."

Fara tas. Aka tafa. Matar Kafinta ta mintsini Tela a cinya.

"Shegiya, ashe zinariya kike ɓoyewa a tsakar gida!"

Tela ta rufe fuska da mayafi tana murmushi. Tun da take ba a taɓa tafa mata ba.

Wani dattijo ya miƙe ya ce, "To Malama, mu masu baƙi fa, ƙishirwa za ta kashe mu?"

"A'a, Baba. Famfon makaranta a buɗe yake gare ku kullum daga ƙarfe uku zuwa shida, shugaba ta amince. In kuma kun yi nisa, ku tafasa naku. Tafasawa na kashe su gaba ɗaya. Kun ga wannan mafi baƙin? Da an tafasa shi kafin a kawo mana, da fes zai fito, ya ruɗe mu. Shi ya sa muka rubuta a jikin kowace kwalba, kada a tace, kada a tafasa, kada a sa sabulu. Yadda ya fito daga guga, haka muke so."

Murmushin Tela ya tsaya a inda yake. Tace, tafasa, sabulu. Duka ukun ta yi, ba ta bar ko ɗaya ba.

Ta buɗe baki. Mutum sun fi ɗari a gabanta, duk ƙeyarsu take gani. In ta yi magana dukkansu za su juyo.

Kafin ta haɗiye yawu shugabar makaranta ta karɓi magana. Ta ce ɗalibai uku za su kai wannan aikin gasar makarantu a babban birni wata mai zuwa, Farfesa ce ta farko. Ta ce da su huɗu ne, amma an cire ɗaya, don an gano a famfon makaranta ya cika kwalbarsa.

"Kowane ɗalibi ya sa hannu cewa da idonsa ya ga an ɗebo ruwan yadda aka ce. Mu nan ba ma wasa da wannan, rayukan mutane ne."

Tela ta rufe bakinta.

Da yamma ɗalibai suka zo layin da gwangwani biyu. Gida biyar aka yi wa jan da'ira a ƙofa. Ƙofar Tela aka shafa mata kore mai faɗin faranti, Farfesa da kanta ta shafa, tana gyara gefen da yatsa.

Washegari tun rana ba ta gama fitowa ba aka buga ƙofa. Matar Kafinta ce da bokiti biyu, bayanta mata uku.

"Maman Farfesa, a taimaka wa masu ja. Wa zai yi tafiyar minti ashirin da jarka a kai, ga kore a jikin katanga?"

Tela ta matsa musu. Ta tsaya tana kallon gugan na sauka yana hawa. Ruwan ya ɗan washe don an kwana biyu ba a yi ruwan sama ba, hakan ya ƙara kwantar musu da hankali. Wata ta kafa kai a bokiti ta sha, ta goge baki.

"Har daɗinsa daban."

"Ku dai riƙa tafasawa," in ji Tela, murya can ƙasa.

"Mu tafasa me? Gawayin ke za ki ba mu? Makaranta ta ce kore, ke kin fi masu tabarau sani ne?"

Suka kwashe da dariya.

Ranar Litinin Tela ta ɓoye gugan a ƙarƙashin gado, ta ce igiya ta tsinke ya faɗa. Kafin azahar Kafinta ya shigo da sabon guga da sabuwar igiya, har da katako, ya zauna ya yi wa rijiyar murfi mai hannu.

"Wannan rijiyar yanzu ta unguwa ce, dole a mutunta ta," in ji shi. Ya ƙi karɓar ko godiya.

Ranar Talata gida tara ne suka ɗiba, har da na wani layin. Tela ta daina cin abincin kirki. In ta ji kukan yaro ta bayan katanga sai ta ɗage ƙafa daga keke ta kasa kunne. Ta ɗinke hannun riga a baibai sau biyu, ta soke yatsa da allura ba ta ji ba sai da ta ga jini a kan yadin mutane. Ruwan gidanta kuwa ta koma tafasa shi a ɓoye kafin Farfesa ta dawo, ta juye a randa. Wannan ya fi komai cin ranta. Nata 'yar na shan dafaffe, 'ya'yan mutane na shan ɗanye, da izininta.

Sau uku tana niyyar gaya wa Farfesa. Duk lokacin sai ta tarar da ita a gaban madubi tana maimaita jawabin gasa, hannu ɗaya a ƙugu.

"Umma, ya kika ji? In ce 'bincikenmu ya nuna' ko 'mun gano'?"

"Duk wanda kika ce daidai ne."

"Ke kullum haka. Za ki ɗinka min sabon siket ko?"

"Zan ɗinka."

Ta riƙa lallashin kanta. Wataƙila rijiyar lafiyarta ƙalau. Ai shekara goma sha biyar suna sha ba wanda ya mutu. Wataƙila ko ba ta tafasa ba fari zai fito. Sai ta tuna ƙarnin nan, ta tuna rijiyar Kafinta da taku goma ne tsakaninsu, baƙa ƙirin.

Ranar Laraba Matar Kafinta ta zauna a baranda tana jiran a rage mata wuyan riga. Ta ciro robar shan ruwan Kumatu, ta cika daga bokitin da ta ɗiba, ta kafa masa. Yaron ya riƙe da hannu biyu yana zuƙa, yana kallon Tela ta gefen ido, yana harba ƙafa.

"Da sai na dafa masa nake ba shi," in ji uwar. "Yanzu Allah ya hutar da ni."

Tela ta ga maƙogwaron yaron na motsi. Hannunta ya tashi daga kan keken, ya tsaya a iska, ya koma.

Ranar Alhamis da hantsi ba wanda ya zo daga gidan Kafinta. Tela ta jira. Ba kuka, ba dariya, ba ƙarar tabarya ko ta kwano. Shirun ne ya tashe ta. Ta zura takalmi ta leƙa.

Matar Kafinta na zaune a ƙofar ɗaki, Kumatu a cinyarta. Ga tsummokara a jiƙe tari guda a gefe. Yaron bai ɗago ba. Kumatun nan da ake masa suna da su sun saki, idanunsa sun faɗa, leɓensa ya bushe. Ya buɗe baki zai yi kuka, muryar ba ta fito ba, hawaye ma babu.

"Tun asuba yake zawo da amai," in ji uwar. "Sau takwas. Haƙori ne, ko? Kakarsa ta ce haƙori ne. Ni dai na san ba ruwa ba ne, tunda naku muke sha." Ta miƙa hannu ta ɗauko robar. "Bari in ƙara masa, ko zai riƙe."

"Kar ki ba shi!"

Ita kanta Tela ba ta san muryarta na kai nan ba. Ta fizge robar ta watsar da ruwan a ƙasa.

"Ke lafiyarki?"

"Ki ba shi nono. Nono kawai. Kar ki ba shi komai sai na dawo. Don Allah, don girman Allah."

Ta fita da robar a hannu ba ta sani ba. Asibiti na can ƙarshen gari, Kafinta ya tafi aiki, a layin ba mai mota. Abin da ya faɗo mata shi ne farin labulen nan na ɗakin nas. Ta bi ta cikin kasuwa tana sassarfa, ana gaishe ta ba ta amsawa. A hanya ta riƙa shirya yadda za ta ce: yaron maƙwabta ba lafiya, a taimaka. Iyakarta ke nan. Ba dole sai ta faɗi sauran ba. Amma in ba ta faɗa ba, gobe da safe bokitai tara za su sake jeruwa a ƙofarta, kuma a gidan mai gyaran rediyo akwai 'yan biyu da ba su kai Kumatu ba.

Maigadi ya gane ta tun daga nesa.

"A'a! Mai koren ƙofa da kanta! Yau ruwan albarka aka kawo mana?"

"Malamar kimiyya nake nema, Baba."

"Tana aji. Ki zauna a benci, saura minti arba'in a tashi."

"Ba zan iya zama ba."

Ya dube ta da kyau, ya ga takalmanta ba iri ɗaya ba ne. Ya nuna mata dogon gini na hagu, ƙofa ta ƙarshe.

Barandar ba ta ƙarewa. Ta kowace taga idanu ne. Warin alli ya dake ta, nan take ta koma 'yar aji uku, har ta kai hannu ta taɓa wuyan rigarta. Ƙofar ƙarshe a buɗe take. Dogayen tebura, kwalabe, yara kusan arba'in sanye da fararen riguna. Farfesa na gaba. Malama ta juyo da alli a hannu.

"Maman Farfesa? Bismillah. Lafiya?"

Duk ajin ya juyo. Abin da ta gudu shekara ashirin da biyar, ga shi ta kawo kanta. Ta so ta ce a fito waje. Ta dubi robar da ke hannunta, wadda ɗan haƙorin Kumatu ya tauna bakinta.

"Na tafasa shi," ta ce.

"Na'am?"

"Ruwan da aka kawo muku. Na tace shi sau biyu, na tafasa, na wanke kwalbar da sabulu. Da datti ya fito, na ji kunya a kawo muku haka. Takardar kuma..." Ta sunkuyar da kai. "Ban iya karanta ta ba. Yarinyar ba ta sani ba. Mutane na ta sha tun Lahadi. Yanzu ga jaririn maƙwabciyata can a kwance, ko kuka ba ya iyawa."

Ta jira dariyar. Ba wanda ya yi. Wata yarinya ce kawai ta ja numfashi. Farfesa ta dafa tebur, fuskarta kamar an watsa mata toka.

Malama ta ajiye allin.

"Watansa nawa?"

"Tara."

"Tun yaushe?"

"Tun asuba yake zawo da amai. Sau takwas."

"Gida nawa ke ɗiba?"

"Tara."

Malama ta nuna wata ɗaliba. "Ruga ki kira nas, ki ce zawo ne, jariri, ta taho da gishiri da sukari. Ke kuma je ofis ki ce ina roƙon motar makaranta yanzu-yanzu. Sauran ku buɗe shafi na talatin, kada in ji motsi." Ta ɗauki sabuwar kwalba da gwangwanin jan fenti, ta miƙa wa Farfesa. "Taho."

A cikin mota ba mai magana sai nas, da ke tambayar ko yaron ya yi fitsari. Farfesa ta juya fuska ga taga. Can Malama ta ce, ba tare da ta dubi kowa ba, "Ni ma da laifina. Na ga biyar baƙi, ɗaya fari a tsakiyarsu, ya kamata in je in ɗebo da hannuna kafin in sa a shafa kore. Daɗi ne ya ɗauke ni." Sai ta juya ga Farfesa. "Amma ke kin sa hannu kin ce kin gani da idonki."

"Na sa, Malama."

"Wannan sai abin da shugaba ta ce."

Nas na ganin Kumatu ta ja fatar cikinsa da yatsa biyu ta saki. Fatar ta tsaya a tattare, ba ta koma ba. Ta haɗa ruwan gishiri da sukari da ruwan da ta taho da shi, ta ɗiga masa a baki da cokali, ya dawo da shi.

"Ɗauko zane, asibiti za mu. Sai an ƙara masa ruwa."

Matar Kafinta ta miƙe. "Me ya same shi? Ba haƙori ba ne?"

Nas ta dubi Malama, Malama ta dubi Tela. Mata sun riga sun cika ƙofar gida don ganin motar makaranta. Tela ta jingina da bango.

"Ruwana ne, 'yar'uwa. Koren nan ƙarya ne. Ni na dafa ruwan kafin a kai."

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun ranar Asabar."

Matar Kafinta ba ta yi ihu ba. Da ta yi da ya fi sauƙi. Ta dube ta tun daga sama har ƙasa.

"Jiya a gabanki na ba shi. Kina kallo."

Ta rungumi ɗanta ta wuce ta shiga mota.

Malama ta shiga gidan Tela, ta zura sabon gugan Kafinta da kanta, ta cika kwalba, ta zuba a kan maganin, ta rufe. Ta zagaya rijiyar, ta nuna wa Tela inda siminti ya tsage ta ɓangaren kwatar layi. Ta ba ta kwalbar.

"Ajiye a tagarki, ki gani da idonki. Amma ba za mu jira ta ba, daga yau an rufe."

Farfesa ta buɗe jan fenti. Tela ta karɓi burushin daga hannunta. A gaban matan layin ta shafe koren, sau uku tana maimaitawa don yana ta leƙowa ta ƙasa. Bayan nan ta bi gidajen tara ɗaya bayan ɗaya, ta faɗi magana ɗaya sau tara. Wasu suka zage ta, wasu suka zubar da ruwan randa. Matar mai gyaran rediyo ta ce, "Allah ya isa," ta rufe ƙofa.

Kwana biyun nan Tela ba ta taɓa keke ba. Tana zaune tsakanin taga da katanga, ido a kan kwalba, kunne a gidan Kafinta. Duk motar da ta tsaya a bakin layi sai ta leƙa. In ta ji muryar mata ta tashi sama sai ta miƙe tsaye, tana jiran ta rikiɗe ta zama kuka. Ranar Juma'a da safe ruwan kwalbar ya yi toka-toka. Da yamma Kafinta ya dawo ɗaukar kaya, ta tare shi a ƙofa, ta kasa tambaya.

"Ledar ruwa uku aka ƙara masa," ya ce, yana kallon gefe. "Ya kama nono ɗazu." Ya wuce.

Farfesa ta dawo daga makaranta ta ce an cire sunanta daga masu zuwa gasa. An ce ita za ta sake bin rijiyoyin unguwa da Malama, gida-gida, su ɗebo da hannunsu. Ta faɗa tana cire safa, ba ta ɗago ba. Tela ta ce, "Ki yafe min." Yarinyar ta ninke safar ta ajiye.

"Da kin ce min ba kya iya karantawa, Umma. Minti ɗaya ne."

"Na sani."

"Akwai ajin manya ran Talata da Alhamis, a ajinmu ma ake yi." Ta shige ɗaki.

Ranar Asabar kwalbar ta wayi gari baƙa ƙirin. Ta fi ta gidan Kafinta baƙi.

Ranar Litinin ƙarfe uku Tela ta ɗauki jarka biyu ta nufi makaranta. Layi ya kai har get. Da matan suka gan ta hira ta mutu, ta tsaya a ƙarshe, kai a ƙasa. Maigadi ne kaɗai ya ce mata sannu. Tana nan tsaye sai ta ga ƙafafun da ta sani a gabanta. Matar Kafinta ce, ta rame, da bokiti a kowane hannu. Kumatu na goye, wuyansa ya yi tsawo, kan ya yi masa girma, amma idanunsa a buɗe suke, yana bin tsuntsayen kan tanki da kallo.

Ba su gaisa ba. Layi ya yi ta matsawa har aka zo kan Matar Kafinta. Ta sunkuya za ta tara bokiti, goyon ya zame, yaron ya fara ƙananan kuka. Ta gyara, ya sake zamewa. Ta waiga hagu, ta waiga dama, kowa hannunsa da kaya. Ta ja tsaki, ta kwance zanen, ta juyo ta miƙa shi.

"Riƙe min shi."

Tela ta ajiye jarkokin ta karɓa da hannu biyu. Ba nauyi, kamar ta ɗauki ƙunshin yadi. Yaron ya kama yatsarta mai tabon allura ya kai baki.

"Kar ki ba shi komai," in ji Matar Kafinta, ta juya ta buɗe famfo.